TARIHIN MAGANARMU DA ALLAH DA KUMA DA JUNA

GABATARWA

Allah cikin alherinsa ya kawo mu ga cikar shekara 50 da kafuwar wannan ikkilisiya. A wasu shafuffuka na wannan littafi za ku ga jerin bayin Allah da suka yi hidima a nan, da labarin gine-gine. Aikin da aka ba mu shi ne mu waiwaya mu duba abin da ya riƙe ikkilisiya a tsaye dukan shekarun nan, wato maganar da ke tsakaninmu da Allah, da maganar da ke tsakaninmu da juna.

A cikin Littafin Firistoci sura 25, Ubangiji ya umarci Isra'ilawa su keɓe shekara ta 50. Da busar ƙaho ake buɗe ta, a Ranar Kafara, domin kowa ya ji shelar 'yanci. Bawa ya koma gida, gonar da aka sayar ta koma hannun mai ita. Ashe Jubili da murya take farawa, kuma manufarta ita ce gyaran abin da ya ɓaci tsakanin mutum da Allah, da tsakanin mutum da ɗan'uwansa. Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. Bari mu waiwaya.

MAGANAR ALLAH TA SHIGA HAUSA

Yau yaro ƙarami yakan tashi a Makarantar Lahadi ya yi addu'a da Hausa, ba mu kuwa ɗauke shi wani abin mamaki ba. Amma akwai lokacin da babu ko aya ɗaya ta Littafi Mai Tsarki a cikin wannan harshe.

A shekara ta 1841 Ingila ta aiko da jiragen ruwa su bi kogin Kwara. A cikin tafiyar akwai wani Bajamushe ma'aikacin mishan na C.M.S. mai suna James Frederick Schön, tare da Samuel Ajayi Crowther, wanda daga baya ya zama bishop. Zazzaɓi ya kashe Turawa da yawa a wannan tafiya, amma Schön ya koma da nawaya guda a zuciyarsa: ya ga cewa Hausa ita ce harshen da fatake suke kaiwa ko'ina, in bishara ta shiga cikinta za ta yi nisa. A 1843 ya buga ƙaramin littafin kalmomin Hausa.

Mataimakin da Allah ya tanada masa wani yaro ne Bahaushe daga ƙasar Damagaram, sunansa Dorugu. An kama shi bauta yana ƙarami, aka 'yanta shi a Borno, ya yi yawo tare da matafiyin nan Heinrich Barth har Tambutu, sa'an nan ya isa Ingila tare da shi a 1855. Daga bakin wannan yaro Schön ya gyara Hausarsa. Bisharar Matiyu ta fito a 1857, Sabon Alkawari kuma a 1880. Dorugu ya komo ƙasarmu, ya ƙare kwanakinsa yana koyarwa a makarantar Ɗan Hausa a Nasarawa ta Kano, inda ya rasu a 1912. Ya kamata mu riƙe wannan: tun daga tushe, akwai bakin Bahaushe cikin aikin juya Maganar Allah zuwa Hausa, bakin wanda ya ɗanɗani bauta kuwa.

WAƊANDA ADDU'A TA AIKO

A birnin Toronto na ƙasar Kanada akwai wata uwa, mahaifiyar Walter Gowans, wadda ta ɗauki nawayar ƙasar Sudan, kamar yadda ake kiran wannan yanki namu a lokacin. Ita ce ta zauna da saurayi Rowland Bingham ta bayyana masa wannan nawaya har ya amsa kira. Ran 4 ga Disamba 1893 Gowans da Bingham da Thomas Kent suka sauka Ikko. Kafin 1894 ta ƙare Gowans ya rasu a Girku, Kent kuma a Bida. Bingham ya koma gida da ciwo, ba ko mutum ɗaya da ya tuba. Ya sāke gwadawa a 1900, zazzaɓi ya sāke kore shi. Sai a 1902 mishan ɗin S.I.M. ya kafa tasha ta fari a Pategi. Kusan shekara tara ke nan ana roƙo ba a ga amsa ba, ba a kuwa daina ba.

A 1900 Bishop Herbert Tugwell na C.M.S. ya jagoranci wata ƙungiya zuwa Kano, Sarki Alu bai yarda su zauna ba, suka koma Girku. A cikinsu akwai Likita Walter Miller, wanda ya riga ya koyi Hausa a Tarabulus wurin alhazai da fatake. A 1905 ya zauna cikin birnin Zariya, a 1929 kuma aikin ya koma Wusasa. A 1904 Karl Kumm da abokansa na S.U.M. suka kafa zango a Wase. A 1913 Likita Niels Brønnum daga Denmak ya isa Numan. Ran 17 ga Maris 1923 Stover Kulp da Albert Helser suka yi sujada ta fari a gindin tsamiya a Garkida. A 1924 S.I.M. ta shiga Damagaram a ƙasar Nijar, daga baya aikin ya kai Tsibiri da Galmi.

Akwai kuma waɗanda Allah ya yi wa magana tun kafin 'yan mishan su same su. Isawa ke nan, almajiran Malam Ibrahim na Kano, wanda aka kashe saboda koyarwarsa a kan Annabi Isa. Mabiyansa suka watsu zuwa Ningi da ƙasar Zazzau. A 1913 suka sadu da Likita Miller, da yawa suka ba da gaskiya, suka kafa ƙauyen masu bi a Gimi. Ciwon barci ya hallaka yawancinsu, amma daga ragowarsu ne waɗansu manyan gidajen Kirista na Wusasa suka fito.

LITTAFIN 1932

Gwamnatin Turawa ta yi wa sarakunan Musulunci alkawari ba za ta taɓa addininsu ba, saboda haka ta hana 'yan mishan yin wa'azi a yawancin ƙasashen sarakuna. Sai aikin ya fi ƙarfi a cikin kabilun Filato, da kudancin Zariya, da Adamawa, da Tangale, da Binuwai. Harsuna kuwa sun yi yawa ƙwarai, ba mai iya juya Littafi cikin kowane ɗaya a lokaci guda. Sai Hausa, harshen kasuwa da na hanya, ta zama harshen majami'a.

A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Likita Miller ne ya ɗauki babban kaso na aikin, tare da ma'aikatan sauran mishan da malamai 'yan ƙasa. Masu juyin sun ɗauki kalmomin da Bahaushe ya riga ya sani, kamar Allah, da addu'a, da sujada, da azumi, da annabi, da mala'ika, suka kuma cika waɗansu da sabuwar ma'ana, kamar alheri, da fansa, da ceto, da bishara. Da wannan littafi mutumin Birom da Angas da Yargam da Jaba da Kaje da Bura da Bachama, waɗanda kakanninsu ba su jin maganar juna, waɗansu ma suna gāba, suka zauna a benci ɗaya suka ce Amin ga addu'a ɗaya. Mukan karanta labarin Fentikos a Ayyukan Manzanni sura 2, inda kowa ya ji ayyukan Allah da harshen da ya sani. A ƙasarmu Allah ya yi mana irin wannan jinƙai ta wata hanya: ya ba kabilu masu yawa harshe guda na sujada.

A shekarun 1930 ƙofa ta buɗu kaɗan a ƙasar Hausa ta wurin aikin kuturta, a wurare kamar Yadakunya ta Kano, da Babbar Ruga ta Katsina, da Amanawa ta Sakkwato. Mutanen da duniya ta guje su suka ji Maganar Allah a can, waɗansu da suka warke suka koma garuruwansu da Littafi a hannu. Ta haka, da kuma ta ƙafar masu bishara 'yan ƙasa, bishara ta shiga gidajen Maguzawa.

A 1979 aka kammala sabon juyi mai sauƙin fahimta. Dattawanmu za su tuna da muhawarar da aka yi lokacin da Yohanna ya zama Yahaya, Yesu Kristi kuma ya zama Yesu Almasihu. Har wa yau akwai tsofaffin da ba su rabu da tsohon juyi ba, domin da shi suka haddace ayoyinsu.

KARATU, WAƘA DA ADDU'AR SAFE

Mai bishara na dā malami ne kuma manomi. Da rana yana gona, da yamma yana koya wa yara da manya abacada a ƙarƙashin itace. A wurare da yawa, mai neman baftisma yakan yi shekara ko fiye a aji, ana kuma so ya iya karatu kafin a kai shi rafi, domin ya ji muryar Allah da kansa daga Littafi. Wannan ya sa masu bi da yawa suka riga maƙwabtansu iya karatun boko.

Wanda bai iya karatu ba, waƙa ta koya masa. Littafin Waƙoƙi ya zama abokin Littafi Mai Tsarki a kowane gida, har akan ɗaure su tare cikin ƙyalle guda. Zumuntar Mata kuwa ta kawo nata salo: tulu, da kacau-kacau, da ganga, mai ba da waƙa ta rera, sauran su amsa. Matan nan sun zuba labarin Yusufu, da na ɗan nan mubazzari, da na budurwai goma cikin karin gargajiya, har tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alli ba ta san Littafi fiye da waɗansu 'yan makaranta. Su ne kuma masu zuwa gidan haihuwa da gidan makoki da ƙwaryar hatsi a ka.

Sa'an nan ga addu'ar safe. Tun da asuba a buga ƙarfe, kowa ya fito da fitilarsa, a yi waƙa ɗaya, a karanta aya, a yi roƙo, a wuce gona. Da dare kuma maigida ya tara iyalinsa kafin a kwanta. Ba su da lasifika, ba su da wutar lantarki, amma sun san hanyar kursiyin alheri.

ZUMUNTA TSAKANIN IKKILISIYOYI

Da masu bi suka yi yawa, sai bukatar magana da juna ta taso. A 1934 aka buɗe Gindiri domin horar da masu bishara da malamai. A 1938 aka naɗa fastoci uku na fari a yankin S.U.M. na Filato: Toma Tok Bot, da Bali Falang, da David Lot. A 1954 ikkilisiyoyin S.I.M. suka haɗu suka zama E.C.W.A. A 1955 aka kafa Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Sudan, wadda muka sani yanzu da sunan TEKAN. Ku lura, sunan nan da Hausa aka raɗa shi, kalmarsa ta fari kuwa ita ce tarayya. A 1957 aka fara zumuntar ɗalibai Kirista ta F.C.S. a Gindiri, a 1959 kuma aka buɗe kwalejin tauhidi ta T.C.N.N., wadda ke Bukuru. Jaridar Labarin Ekklesiya ta riƙa kai labarin wannan gunduma zuwa waccan, domin masu bi su san abin da za su roƙa wa juna.

MURYA TA CIKIN ISKA

Ran 18 ga Janairu 1954 gidan rediyon ELWA ya fara watsa shiri daga Monrobiya ta ƙasar Laberiya. Daga baya aka riƙa ɗaukar shirye-shiryen Hausa a Jos ana aikawa can. A 1963 ikkilisiyoyin Lutheran na duniya suka buɗe wani babban gidan rediyo a Adis Ababa ta ƙasar Habasha, ɗakin ɗaukar shiri na Muryar Bishara a Jos yana ba shi na Hausa, Sawtu Linjiila a Ngaundere ta Kamaru kuma na Fulatanci. Inda aka hana mai bishara shiga, akwatin rediyo ya shiga. Mutane suka riƙa rubuto wasiƙu da tambayoyi, ana amsa musu, waɗansu suka yi karatun Littafi ta gidan waya.

A 1977 gwamnatin soja ta Habasha ta ƙwace gidan rediyon Adis Ababa. A 1990 yaƙin basasar Laberiya ya rushe ELWA, ko da yake an sāke tayar da shi daga baya. Darasin a fili yake: kayan aiki sukan zo su wuce, Maganar kuwa tana nan.

SABON RAI DON KOWA

A 1963 zuwa 1964 wani motsi ya tashi wanda ya girgiza ikkilisiyoyin Arewa. Rabaran Gerald Swank, malami a makarantar Littafi ta Kagoro, tare da shugabannin ikkilisiyoyi dabam dabam, suka ga cewa fasto shi kaɗai ba zai iya kai bishara ga kowa ba, sai kowane mai bi ya zama mashaidi. Aka fara a lardunan Zariya da Filato. Abin da ya kamata mu lura da shi shi ne tsarin aikin. Kafin kowa ya fita wa'azi, sai an kafa ƙananan ƙungiyoyin addu'a a gidaje, mutum kaɗan kaɗan, suna ambaton maƙwabtansu da suna a gaban Allah. Bayan haka a koyar da masu bi yadda za su ba da shaida, sa'an nan a fita biyu biyu gida gida. Aka fara gaya wa Allah labarin mutane, kafin a gaya wa mutane labarin Allah. Ɗarikun da dā ba su shiga majami'ar juna suka yi aiki kafaɗa da kafaɗa.

IKKILISIYARMU

Cikin ɗumin wannan farkawa ne, a shekarun 1970, bayan yaƙin basasa, iyayenmu suka fara taruwa a nan. Ba da gini suka fara ba. Da taron addu'a suka fara, 'yan gidaje kaɗan, a kan tabarma. Kowane bulo da ke jikin wannan majami'a an roƙe shi kafin a saye shi. In ɗaya bai zo sujada ba, kafin rana ta faɗi an je an duba shi. In biyu suka sami saɓani, dattawa ba su barinsu su zo teburin Jibin Ubangiji sai sun zauna sun shirya, bisa ga koyarwar Ubangiji a Matiyu sura 5 da sura 18. Wannan gādo ne ya fi filin da ginin daraja.

KWANAKIN WUTA

Shekarun nan 50 ba su rasa hawaye ba. A watan Maris 1987 rikicin da ya tashi a Kafanchan ya bazu zuwa Zariya da Kaduna da Funtuwa, aka ƙone majami'u masu yawa. Kaduna ta sāke ganin wuta a 2000, Jos a 2001. A watan Afrilu 2014 'yan Boko Haram suka sace 'yan mata 276 daga makarantar Chibok, yawancinsu 'ya'yan ikkilisiyar E.Y.N., a watan Oktoba na shekarar kuma suka mamaye hedkwatar ikkilisiyar a Kwarhi. Masu bi sun yi sujada cikin toka, da sansanin gudun hijira. A irin waɗannan kwanaki ne muka gane Romawa 8:26, inda Bulus ya nuna cewa sa'ad da kalmomi suka ƙare mana, Ruhu da kansa yana roƙo dominmu.

Mun kuma koyi cewa in magana ta yanke tsakanin maƙwabta, jita-jita ce take cika wurin. A 1995 Fasto James Wuye da Imam Muhammad Ashafa, waɗanda dā abokan gāba ne a Kaduna, suka fara aikin sulhu tare. A watan Yuni 2018 Imam Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar a Barikin Ladi ya ɓoye Kirista fiye da 200 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya hana a taɓa su. Kada mu manta da irin waɗannan. Gaisuwar safe da muke yi wa maƙwabcinmu Musulmi, da zuwa gaisuwar rasuwa, da cin kasuwa da gaskiya, duk suna cikin shaidarmu.

A 2020 cutar korona ta sa aka rufe majami'u na ɗan lokaci. Gidan da ya saba da addu'ar iyali bai rasa sujada ba. Gidan da ya bar wa fasto dukan addu'a kuwa ya sha wuya.

ABIN DA KE GABANMU

Yau Littafin da Dorugu da Schön suka fara, wanda aka yi shekara 75 kafin a kammala shi, yana cikin wayar da ke aljihunmu. Saƙo yakan kai Legas ko Ingila kafin a ƙifta ido. Duk da haka sai mu tambayi kanmu da gaskiya: benci nawa ne ke cika a taron addu'a na tsakiyar mako? Gida nawa ne har yanzu ake tara yara da dare a buɗe Littafi? Miji da mata suna ɗaki ɗaya kowa ya sunkuya a kan wayarsa. Ƙaramin saɓani na kwamiti yakan fita WhatsApp da Facebook kafin ya kai kunnen dattawa. Kabilancin da Littafin 1932 ya taimaka aka binne yana ɗaga kai a lokacin zaɓen shugabanni. Yaranmu da yawa kuma ba su iya karanta Hausa ba, ba su kuwa iya harshen kakanninsu ba, har kaka da jika ba su iya yin addu'a tare. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In waɗannan igiyoyi suka tsinke, waɗanda za su yi bikin shekara 100 za su gāji gini ne kawai.

Saboda haka muna roƙon ikkilisiya ta ɗauki waɗannan a matsayin alkawarin Jubili:

1. Kowane gida ya maido da addu'ar iyali, ko da ta minti 15 ce, a ajiye waya, a ba yara su karanta.

2. Mu koyi yin shiru a gaban Allah. Sama'ila yaro bai karɓi saƙo ba sai da ya ce yana saurare (1 Sama'ila sura 3). Addu'ar da mu kaɗai muke magana a cikinta rabi ce.

3. Duk mai riƙe da ɗan'uwansa a zuciya ya je ya same shi ido da ido kafin wannan shekara ta ƙare. Manzo Yahaya ya gargaɗe mu cewa ba mai iya ƙaunar Allah da bai gani ba alhali yana ƙin ɗan'uwan da yake gani (1 Yahaya 4:20).

4. A maido da ziyara. Zumunta a ƙafa take. Saƙon waya ba ya share hawayen gwauruwa, ba ya kuma ɗaga marar lafiya ya sha ruwa.

5. Makarantar Lahadi ta koya wa yara karatun Hausa tare da Turanci, matasa kuma su zauna da tsofaffin da suka rage su rubuta shaidarsu da waƙoƙinsu tun suna da rai.

6. Kafin mu tura kowane labari a waya, mu tabbata gaskiya ne, mu kuma tambayi kanmu ko zai gina jikin Almasihu.

KAMMALAWA

Sa'ad da Ubangiji ya taimaki Isra'ila a Mizfa, Sama'ila ya kafa dutse ya sa masa suna Ebenezer domin tunawa (1 Sama'ila 7:12). Wannan biki shi ne namu dutsen. Muna gode wa Allah saboda uwar da ta yi roƙo a Toronto, da yaron Damagaram, da masu bishara da suka taka ƙasa da ƙafa, da iyayenmu mata masu tulu, da dukan waɗanda suka riga mu barci cikin Ubangiji. Addu'ar da Yesu ya koya mana ta sa mu kira Allah Uba, ta kuma sa mu ce “mu” daga farko har ƙarshe. Wanda ya kira shi Uba ya karɓi sauran 'ya'yansa ke nan.

Allah ya buɗe kunnuwanmu ga muryarsa, ya tsarkake bakinmu ga junanmu, ya kuma sa 'ya'yanmu da jikokinmu su tarar da wutar bagaden nan tana ci. Alherin Ubangijinmu Yesu Almasihu ya kasance tare da ku duka. Amin.